Shatar mota daga Makka zuwa Ɗa'ifa: inda kuɗin mai iyali ke zubewa

Duk wanda ya yi kwana uku a Makka ya san wannan tayin. Kana fitowa daga masauki da safe, direbobi na jingine da motocinsu suna kiran ziyara, ziyara, Ɗa'if. Wasu kamfanonin jirgin yawo kuma sukan saka ta cikin jadawalin Umara, ko a ce kowa ya kawo wani abu a ɗauki bas. Hidimar dai iri ɗaya ce: a ɗauke ku daga ƙofar otal, a hau da ku tsaunukan Sarawat, a zagaya wurare biyar ko shida, a dawo da ku. Ga mai iyali, da mata da yara da wataƙila tsohuwa guda, tafiyar ta ci kuɗinta. Sai dai yadda ake sayar da ita a bakin titi, an tsara ta ne don direba ya dawo da wuri ya sake lodi, kuma abin da ake kashewa a ƙofofin shiga da shaguna yakan kamo kuɗin motar, wani lokaci har ya wuce shi.

Abin da ake zuwa nema tun farko iska ce. Makka tana kwance cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Ɗa'ifa tana kusan mita 1,880, Hada da Shafa kuma, wurare biyu na kan tsauni a kewayenta, sun fi ta tsayi: Hada ta ɗan ɗara haka, Shafa ta fi su duka. Iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 a kowane mita 1,000 da aka hau, saboda haka ranar da Makka ke tafasa, a can sama za ka tarar an sauko da digiri 10 ko kusa da haka. Yaron da ya yi kwanaki tsakanin ɗakin otal da Harami, in ya samu ciyawa da fili da sanyi, shi kaɗai ya biya rabin kuɗin shatar.

Hanya biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba

Ta farko ita ce hanyar Hada. Tana fita ta gefen Arfa, ta ratsa Wadi Nu'uman, inda ake hango ragowar ginin magudanar ruwan Zubaida matar Haruna Rashid, sannan ta kama hawan dutsen Kara. Duka-duka kusan kilomita 90 ce, amma hawan kansa, wanda ya ɗan wuce kilomita 20, kwana ne bayan kwana. An buɗe ta tun zamanin Sarki Faisal, aka faɗaɗa ta daga baya, kwaltarta lafiya lau, da katangar kariya a gefe. Ita ce hanyar kallo. Ita ce kuma wadda hukuma ke rufewa idan hazo ya sauko ko aka yi ruwa mai ƙarfi, saboda duwatsu na gangarowa. A farkon 2025 an rufe ta na makonni don gyara.

Ta biyu ita ce hanyar Sail, wadda ke zagayawa ta arewa. Ta fi tsawo, hawanta a kwance yake, babu wani abin kallo sosai, kuma ta nan manyan motoci da manyan bas ke bi. Wannan yana da muhimmanci ga wanda aka yi wa tayin kujera a bas ɗin rukuni: kuɗin ya fi sauƙi, gaskiya ne, amma mai yiwuwa ba zai ga hawan Hada ba sam, alhali shi ne rabin daɗin tafiyar. A tambaya kafin a biya.

Tsarin da ya fi dacewa da iyali shi ne a hau ta Hada da rana, ido na gani, a sauko ta Sail idan dare ya yi ko hazo ya taso. Direbobi da yawa sun fi son su je su dawo ta Hada domin ta fi kusa. Babu laifi in da sauran haske, amma gangaren yana cin birki. Direban da ya san aikinsa giya yake saukewa, injin ya riƙe motar, ya riƙa taɓa birki jefi-jefi. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfen zai yi zafi, a fara jin ƙauri, birkin ya yi laushi daidai lokacin da ake buƙatarsa. In ka ji wannan ƙaurin, ka ce ya tsaya a wurin fakin na gefe ya huce. Minti goma sha biyar ba za su rage komai ba.

Cinikin mota

Ƙaramar mota irin Camry ko Sonata fasinja huɗu take ɗauka. Iyali mai mutum shida, a ce miji da mata da kaka da yara uku, wurinsu H1 ne ko Staria, masu kujera bakwai. GMC ma bakwai take ɗauka, ta fi taushi, amma kuɗinta ya yi sama ba tare da ta kai ku wani wurin da H1 ba za ta kai ba. Idan gida biyu suka haɗu, Hiace ita ce mafi arha a kan kowane kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa mutum shida cikin Camry, yara a kan cinya. Ban da takura a hanya mai kwanoni, dokar ƙasar ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 10 ba a kujerar gaba, ta kuma wajabta ɗamara, ga kyamarori a ko'ina. Tarar a kan direba za ta hau, amma kai zai juyo ya yi wa ƙorafi har ku dawo.

Ga abin da zai taimaka maka wajen tayi. Tun watan Yuli na 2021 aka tsayar da farashin fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18 kowace lita. Zuwa da dawowa da zagayen cikin gari bai cika wuce kilomita 250 ba. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 za ta sha lita 30, wato riyal 65 ko kusa da haka. Ke nan in direba ya fara kukan mai, ka san ba a nan kuɗin yake ba. Abin da kake saya yininsa ne, don haka a kan awoyi za a yi magana. Mafi yawan tayin bakin titi na awa biyar zuwa shida ne. Cire awa uku na hanya, saura biyu ko uku, waɗanda salla da cin abinci da layin tikiti za su cinye. Iyali na buƙatar awa tara zuwa goma. Gara a ƙara masa wani abu tun a ƙofar otal a kan yini cikakke, da a je can sama ya fara duba agogo yana cewa kuɗin jira daban ne, lokacin da ba ka da wata motar da za ka koma.

Abubuwan da za a yanke kafin kowa ya shiga: ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a dawo, ta wace hanya za a hau, ta wace za a sauko, sunayen wuraren da za a tsaya, da kuma cewa kuɗin na motar ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba. A rubuta masa a WhatsApp ya amsa, ko da da Hausa da Larabcin kasuwa ne. Kada a biya duka tun farko. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran sai an sauke ku. A ɗauki hoton lambar motar a tura wa wani da ya rage a masauki.

Sai batun waye direban. Akwai 'yan uwanmu mazauna can da ke wannan aiki, kuma jin Hausa a bakin direba ba ƙaramin sauƙi ba ne, musamman ga tsofaffi. Amma a tambaya ko motar tana da izinin ɗaukar fasinja. Kabu-kabu da motar gida laifi ne a Saudiyya, ana kamawa, ana tsare mota. In hakan ta faru a shingen bincike, kai da iyalinka ne za ku tsaya a bakin titi da kaya. Uber da Careem suna aiki a garuruwan biyu, kuma ga mutum biyu ba laifi. Ga iyali ba su cika yin arha ba, domin wuraren Ɗa'ifa a warwatse suke: daga Hada zuwa tsakiyar gari kusan kilomita 20 ne, Shafa kuma tana wani ɓangaren daban, ta fi haka nisa. Kowane tsalle sabon kuɗi ne, sannan a dawowa sai an samu direba Musulmi wanda zai iya shiga Makka.

Mai bizar Umara yana da damar zuwa Ɗa'ifa. Mai bizar Hajji kuwa an taƙaita masa zirga-zirga tsakanin Makka da Madina da Jidda, kuma da zarar lokacin Hajji ya gabato ana tsaurara shiga Makka, wanda ba shi da izini in ya fita ba lallai ya koma ba. Fasfo ko hotonsa da takardar biza su kasance a jikin kowa, har yara.

Telefirik

Wannan shi ne abin da yara za su tuna, shi ne kuma ramin da ya fi cin kuɗi. Wasu ƙananan ɗakuna ne masu gilashi, rataye a jikin igiyar ƙarfe, suna sauka daga Hada zuwa ƙauyen shaƙatawa na Kar a gindin dutse. Tsawon igiyar ya ɗan haura kilomita 4, tafiya ɗaya kimanin minti 20. Daga ciki ana ganin titin yana naɗewa kamar maciji, ana ganin garken birai a kan duwatsu, ana kuma hango tsohuwar hanyar dutse da ayarin raƙuma ke bi kafin zuwan kwalta. A wajen kallo babu abin da ya kama ƙafarsa a duk tafiyar.

Matsalarsa lissafin kai ne. Mota kuɗinta ɗaya ko ku uku ne ko ku bakwai, tikiti kuwa kowa da nasa. A ce, don sauƙin lissafi, riyal 100 ne zuwa da dawowa: mutum shida 600 ke nan, kafin a taɓa komai a ƙasa. A ƙasan kuma akwai wurin wasan ruwa da keken zamiya da shagunan ciye-ciye, kowanne da kuɗinsa, kuma yaron da ya gani ba zai yarda a wuce ba. Farashin yana sauyawa da lokaci, akwai kuma tikitin tsallake layi mai tsada, saboda haka a karanta allon da ke wurin da ido, a tambayi rangwamen yara da shekarun da ake fara biya, kada a ba direba kuɗi ya je ya sayo.

Akwai dabarar da ke rage kuɗi da lokaci tare. Tashar ƙasa tana kan hanyar komawa Makka. In ana sayar da tikitin tafiya ɗaya a ranar, a bar telefirik ya zama abu na ƙarshe: ku sauka ta igiya, direba ya gangara da mota ya tarbe ku a Kar. Kun ga kallon, kun tsallake layin dawowa, masu jiri kuma sun huta da kwanonin gangare. Wanda ke tsoron tsayi ya bi direba, babu dole. Kakar da ba ta son hawa lif a otal ba za ta gode maka ba in ka rataye ta a sararin sama na minti 20.

Abu biyu ke ɓata shirin. Na ɗaya lokaci: telefirik ba ya fara aiki da sassafe, harkar rana ce zuwa dare, don haka masu tashi daga Makka ƙarfe 7 su dawo da Azahar sau da yawa a rufe suke tarar da shi, direba kuma ya san haka tun kafin a tashi. Na biyu yanayi: iska mai ƙarfi ko walƙiya tana sa a tsayar da shi. Kada a yi wa yara alkawari mai ƙarfi tun daga gida.

Birai

A bakin hanyar Hada za a ga motoci sun tsaya, bika sun kewaye su. Direba zai rage gudu ya ce a sayi ayaba. A ƙi. Ciyar da su haramun ne a dokar muhalli ta ƙasar, akwai tara, kuma namijin bika yana da fiƙa kamar na kare. Sun saba da leda, duk wanda suka gani da ita a hannu sun san akwai abinci, kuma hannun yaro ya fi sauƙin fizga. A kalle su ta gilashi a rufe. In tsautsayi ya sa an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar saboda allurar rigakafi. Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce.

Masana'antar wardi

Kusan kowane direba zai kai ku ɗaya daga cikinsu, kuma shiga kyauta ne. Wardin Ɗa'ifa sananne ne, har UNESCO ta saka al'adun da ke tattare da shi cikin jerin gadon duniya a ƙarshen 2024. Amma furen yana da lokaci: daga wajen Maris zuwa Afrilu, 'yan makonni kawai. A lokacin ana tsinko shi da asuba kafin rana ta kwashe ƙamshin, a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a hura wuta, tururin ya bi bututu ya huce ya ɗiga cikin kwalba, man ya taso sama a kwashe. Wanda ya zo a wannan lokaci, kuma da safe, zai ga aikin da idonsa, ya kuwa cancanci a tashi da wuri dominsa. Sauran watanni goma tukwane ne a bushe da kanti cike da kaya. Minti 20 sun isa.

Mai sayen turare ya san tola, kusan giram 12. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a samu tola guda na man, shi ya sa na gaskiya ke da tsadar da ba ta shiga kasafin mai iyali. Duk wanda ya miƙo maka tola a kuɗin abincin rana, gauraye ne ko na kamfani. Man wardi tsantsa in ya ji sanyi yakan yi ƙanƙara-ƙanƙara a kwalba, ya narke da ɗumin hannu, kuma in an ɗiga a takarda ba ya barin tabon maiƙo mai daɗewa. Tsarabar da ta dace da aljihu ruwan wardi ne. Shi ma a duba na sha ne ko na shafawa, kuma a tuna kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu a jirgi. A naɗe ta cikin leda biyu a tsakiyar tufafi. Sabulai da man shafawa da ke kan kanta, irinsu na nan a kasuwar cikin gari, sau da yawa a ƙasa da haka. Inda direba ya dage sai wani shago takamaimai, akwai la'adarsa a cikin farashin.

Wuraren tarihi, da waɗanda aka ɗora wa tarihi

Masallacin Abdullahi ɗan Abbas yana tsakiyar gari. A Ɗa'ifa wannan sahabi ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira, kabarinsa na nan gefen masallacin. Nan ya fi dacewa a yi Azahar: akwai wurin alwala, akwai ɓangaren mata, tsohuwar kasuwa kuma tana maƙwabtaka da shi, inda za a sayi zuma da 'ya'yan itace a farashin 'yan gari. Ba a biyan ko sisi.

Daga nan sai unguwar Masna, inda ƙananan masallatan nan suke: na Addas, na Ku'u, da na Madhun mai hasumiya a murɗe. Labarin da ke bayansu tabbatacce ne. A shekara ta 10 bayan aiko shi, Manzon Allah (SAW) ya zo Ɗa'ifa tare da Zaidu ɗan Harisa, Saƙifawa, mutanen garin, suka ƙi shi, suka sa aka jefe shi, ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. Gine-ginen kuwa an yi su ne ƙarnoni bayan haka, kuma babu mai iya nuna maka daidai inda aka zauna. Wasu direbobin suna ƙara gishiri: ga dutsen da ya tsaya a sama, ga gidan tsohuwar da ke zuba shara. Waɗannan ba su da tushe. Haka ƙauyen Banu Sa'ad da ake cewa gidan Halimatus Sa'adiyya: yana da nisa kudu da gari, zai ci awa biyu zuwa uku da ƙarin kuɗin mota, kuma babu hujja tabbatacciya a kan kangon da ake nunawa. Mai yara ya bar shi. Abin da ya fi amfani, uba ko uwa su ba yara labarin a mota tun kafin a iso, domin direba tuƙi ya iya, ba sira ba.

Fadar Shubra, farin gini mai tagogin katako na farkon ƙarni na 20, wadda Sarki Abdul'aziz ya zauna a ciki, ana yawan rufe ta don gyara. A tsaya a yi hoto daga waje, a wuce.

Ci da hutawa

Abincin garin shi ne salik, shinkafa da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, a ɗora kaza a kai. Tsofaffi da ƙananan yara suna samun sauƙin cinsa. A gidajen mandi da bukhari kuwa ba a yin odar kowa da farantinsa. Rabin kaza da shinkafarta yana isar manya biyu, kaza ɗaya da rabi ta ishi mutum shida har a rage. A nemi ɓangaren iyali, inda ake zama a ƙasa a ja labule. Gidajen shayi da ke bakin dutse a Hada kallon suke sayarwa, kofi ɗaya a can ya sayi karin kumallon gida guda na gurasar tamis da wake. A cika fulas tun daga otal, a sayi katan ɗin ruwa a kantin unguwa, a ɗauki darduma.

Dardumar za ta yi aiki a lambun Ruddaf, kudu da gari: fili ne babba, ga ciyawa, ga manyan duwatsu, ga wurin wasan yara da maɓuɓɓugar ruwa mai rawa da daddare. Bayan La'asar yake rayuwa. Idan aljihu bai kai telefirik ba, nan ne madadinsa, kuma yara ƙanana ba za su san sun rasa komai ba. Gonakin strawberry da gidajen tsuntsaye da ke Hada kuwa kowanne da tikitinsa a ƙofa, ciki kuma bai kai yadda hotuna ke nunawa ba. Ɗaya ya isa, in ma za a shiga.

'Ya'yan itace ma da lokacinsu. Inabi da ɓaure da barshumi, wani ɗan itace mai ƙaya a jikin ɓawonsa, na tsakiyar zafi ne, rumman yana biyo baya zuwa wajen Oktoba. In ka ga rumman a watan Fabrairu an ce na Ɗa'ifa ne, daga wata ƙasa ya zo. Barshumi kuma a bar mai sayarwa ya fere, ƙayarsa siririya ce, in ta shiga yatsan yaro an gama jin daɗin yinin. Kada a bar yara su ci da yawa, yana ɗaure ciki.

Harami da salla

Da yawa suna haɗa tafiyar da sabuwar Umara, tunda za a wuce miƙati a dawowa. A hanyar Sail akwai Ƙarnul Manazil, wanda yanzu ake kira Sailul Kabir. A hanyar Hada akwai Wadi Muharram, tsakanin gari da Hada, wato kafin a kai tashar telefirik ta sama. Duka biyun suna da banɗakuna da wurin wanka da masu sayar da harami, amma wanda ya taho da nasa ya huta da tsadar wurin. A lura da jeri: masana'antar wardi tana gaba da ɗaura harami, ba bayansa ba, domin a can ana fesa wa baƙi ruwan wardi ana shafa musu turare a hannu ba tare da an tambaye su ba. Kwalaben da aka saya a ɗaure su a but, nesa da farin yadi.

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu ke bi, maimaita Umara a shekara ɗaya makaruhi ne, wasu mazhabobin kuma sun halatta. Akwai kuma saɓani a kan wanda zai koma Makka ba da niyyar Umara ba, ko sai ya ɗaura harami. A warware wannan da malamin rukuni tun a masauki, kada a bari sai an iso miƙati a tsaya ana gardama, direba na danna oda. Sannan a auna ƙarfi: mutumin da ya yi awa goma a mota da yara, ya iso ƙarfe 10 na dare, ɗawafi da sa'ayi da aski suna jiransa, ga izinin Umara na manhajar Nusuk da ya kamata ya nema tun da wuri. In da tsofaffi a tafiyar, a raba ranakun. Game da ƙasaru, Imamu Malik ya kawo cewa Ibnu Abbas yana yin ta a tafiya irin ta tsakanin Makka da Ɗa'ifa, wadda Malik ya ƙiyasta da buridi huɗu, a ma'aunin nisan tafiya na da.

Yara a hawan dutse

Amai shi ne abin da ya fi lalata wannan tafiya, kuma kusan kullum a kwanonin Kara yake farawa. Sababinsa ido na kallon abu a tsaye, kunne na jin ana juyi. A karɓe waya daga hannun yara tun daga Arfa, a sa su kalli gaba ta gilashi, mai saurin jiri ya zauna a layin tsakiya, ba can baya ba. Karin kumallo ya zama mara maiƙo. Maganin jiri, ga wanda ya saba sha, ana shansa rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, in an bari sai ciki ya fara juyawa ya makara, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2 sai da izinin likita. Leda uku ko huɗu da kayan canji ɗaya su kasance a hannu, ba a but ba. Kunne kuma yana toshewa saboda sauyin tsayi, ya fi tsanani a gangare da cikin telefirik. Babba ya haɗiyi yawu ko ya tauna cingam, jariri a ba shi nono.

Rigar sanyi ba ta zama kaya ba ko da a watan zafi ne, domin bayan Magariba iskar Hada tana da kaifi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa sanyi ne na sosai, irin na Jos da asuba ko ya fi, ga hazo mai rufe titi har ba a ganin motar gaba.

Ranar tafiya a zaɓe ta tsakanin Lahadi da Laraba. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, tun yammacin Alhamis mutanen Jidda da Makka ke kwararowa sama, layin telefirik ya yi tsawo, titin Hada ya cushe. A watan azumi da rana kusan komai a rufe yake. Tashi ƙarfe 9 na safe ya fi dacewa in ba lokacin wardi ba ne: a iso Hada wajen 10 da rabi, a yi Azahar a masallacin Ibnu Abbas, a ci abinci, a zagaya Masna, a huta a Ruddaf bayan La'asar. Daga nan sai a zaɓa, ko a koma Hada a sauka ta igiya kafin rana ta faɗi, ko a zauna a lambun har Magariba a kama hanyar Sail.